Gambar Iyaka

Tsakanin gonar Babanmu da ta maƙwabcinsa babu dutse, babu turken ƙarfe, balle takarda. Gamba ce kawai a jere, tushe arba'in da 'yan kai, daga gindin ɗorawa har bakin rafi. Kakana da mahaifin maƙwabcin nan ne suka dasa ta, a ƙauyenmu da ke ƙasar Bukkuyum kan hanyar Gwashi, tun ba a san za a haife ni ba. Ni ne na kashe ta. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ɓata lokacinsa yana neman mai laifi a cikin labarin nan, ga shi nan yana riƙe da alƙalami.

Wanda ya tashi a birni zai ce ciyawa ce, to sai me? Haba! Gamba ba kyasuwa ba ce da za ta fito da damina ta mutu da kaka. Tushe gare ta, dunƙule guda mai faɗin faifai, saiwoyinta kuma sun kama ƙasa kamun da sai da gatari ake raba su. Ruwan farko na sauka za ka ga ta yi toho tun sauran ciyayi ba su farka ba. Ganyen dogo ne mai ɗan gashi, da farin layi a tsakiya, in ka ja shi da ganganci ya tsaga maka yatsa. Zuwa tsakiyar damina ta rufe mutum, zuwa kaka ta fitar da kara ya wuce kan mai tsawo, da farin gashi a sama da iska ke kwashewa. Karan nan ne ake yanka a saƙa zana, a yi jinkar rumbu. A yanke ta, ta dawo. A sa mata wuta, ta dawo da toho mai kyau fiye da na da. Shanu su cinye ta har ƙasa, fari ya yi shekara biyu, tana nan. Tun muna yara muke ji ana cewa gamba ba ta mutuwa, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin da zai sa ya musa.

Shi ya sa ake dasa ta a iyaka. Dutse ana iya gusar da shi ba a sani ba, kunyar noma tana shafewa da ruwa, amma gamba inda aka dasa ta nan jikoki za su same ta. Kuma a wajenmu akwai abin da kowa ya sani ba tare da an karanta masa ba: ba a taɓa gambar iyaka. Wanda ya tone ta ko ya kashe ta, to gonar ɗan'uwansa yake so ya ci, ba sai an tambaye shi ba.

Maƙwabcin nan Baffa muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Da shi da Baba tare aka yi musu kaciya, tare suka yi karatun allo, tare suka yi aure a shekara ɗaya. Ban taɓa jin ɗayansu ya kira sunan ɗaya ba. Gonar Baffa tana gabas da gambar, tamu tana yamma, saboda haka Baba yana ce masa "na gabas", shi kuma yana ce wa Baba "na yamma". Baba gajere ne mai saurin fushi, in ransa ya ɓaci har kunnensa rawa yake yi. Baffa dogo ne, maganarsa a hankali, sai ka gama cin tuwo bai gama ba ka labari ɗaya ba. Yadda suka yi shekara sittin tare, Allah kaɗai ya sani.

Kowace kaka, bayan an shigar da gero, sukan sa rana su yanki gambar tare. Ba sa yarda mu 'ya'ya mu sa hannu sai wajen ɗauka. Baba ya fara daga gindin ɗorawa, Baffa ya fara daga bakin rafi, kowa da laujensa, su haɗu a tsakiya. Kuma ba su taɓa haɗuwa a tsakiyar ba, don Baba kullum sai ya wuce rabi, ya miƙe yana haki yana cewa, "Na gabas, barci kaka yi ko yanka?" Baffa ya ce, "Yi a hankali, na yamma, gamba ba gudu taka yi ba." Sai a ɗaure dami-dami, a jera, su raba biyu. In dami ɗaya ya yi saura, a nan ake yin rigimar da ta fi daɗi, kowa yana tura wa ɗan'uwansa, har Inna ta gaji da jira ta aiko a ce fura ta yi tsami. Bayan sati biyu su dawo su sa wa kututturen wuta. Zanar da ta kewaye gidanmu da ta kewaye gidan Baffa daga layin nan guda suke fitowa.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gummi, ina zuwa gida ƙarshen mako a kan babur. Ni ne ɗan fari, don haka Baba da Inna ba sa kama sunana, sai dai "kai" ko "wancan". Baffa ne ke ce mini "malamin boko", yana faɗa yana murmushi. Kuma gaskiya kaina ya ɗan kumbura. Ina da albashi, ina da rediyo, na san sunan taki kala uku, sai nake ganin tsofaffin nan wahalar da kansu kawai suke yi da fartanya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa ya shaƙe ni sosai.

Shekarun ne maganin feshi ya cika kasuwanninmu. Kowa ka gani da tanki a goye, yana tafe yana famfo. Na kawo wa Baba maganar sau biyu. Karo na biyu ya ajiye cokalin kunu ya dube ni.

"Kai, ba ka ji abin da ya hwaru Dareta ba? Ɗiyan mutane sunka mutu, guba na cikin ƙasa ba mai ganinta. Ni da hannuna in sayo guba in zuba inda nika cin abinci? Ba a gonata ba, ba kuma a gonar da na ba ka ba. In na ji ka yi, ni da kai ne."

Na ce masa ai wancan dalma ce ta wajen haƙar zinariya, wannan kuwa magani ne da masana suka yi. Ya ce masanan su zuba a tasu gonar. Aka bar maganar a nan, a wajensa ke nan.

Gayaunar da ya ba ni tana ƙetaren rafi, ciyawar tofa ta cinye ta, kuma gwiwar Baba ta daina barinsa ƙetare rafin. Sai na yi lissafina. Na ari tanki wajen wani abokin aikina, na sayi magani a Gummi. Mai shagon ya nuna mini iri biyu, ya ce wannan ƙona ganye kawai yake yi, wannan kuwa a hankali yake aiki amma har saiwa yake bi. Na ce ba ni mai bin saiwa. Na cusa su a buhu, na ɗaure a bayan babur kamar kayan wanki. Ranar kasuwar Bukkuyum, da Baba ya shiga mota tun da hantsi, na sulale zuwa gayaunata. An yi ruwa biyu ke nan, ko'ina ya yi kore. Mai shagon ya ce murfi kaza za a zuba, ni da nake ganin tofar nan ta raina ni na ninka.

Na gama, tanki na ƙarshe ya rage fiye da rabi. Nan fa na tsaya. In kai gida, Inna ta gani, ga awakinta masu sa baki a komai. In zubar a rafi, maganar Dareta ta faɗo mini a rai, mata suna wanki a ƙasa. Na goyo abina na ƙetaro ina tunani, sai ga ni a bakin layin gamba, ta yi toho har gwiwa, kore shar. Wallahi ban yi niyyar mugunta ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, ga abin da ba ya mutuwa. Wuta ba ta kashe ta ba, wannan ɗan ruwan ne zai kashe ta? Iyakaci dai ta yi yaushi kwana biyu ta miƙe. Na bi layin daga rafi har ɗorawa ina famfo, har ina jin daɗin dabarata, tankin ya ƙare daidai tushe na ƙarshe. Na mayar da shi buhu, na wanke hannu, washegari na koma Gummi.

Mako na farko ba abin da ya faru. Na zo na duba, tana nan, na ce ka gani ko. Mako na biyu na tarar da Baba a ƙofar gida ko amsa sallamata bai yi da kyau ba. Ya ce, "Zo ka gani." Muka tafi yana ɗingishi. Gambar ta yi rawaya tun daga rafi har ɗorawa, ganyen ya kwanta. Ya sa hannu ya ja tushe ɗaya, sai ga shi ya taho masa, saiwar ta yi baƙi tana wari. Baba ya tsaya da abin a hannu yana juya shi.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma uku ce: Baba, ni ne. Da ya zage ni, wataƙila ya ɗaga sanda, wataƙila ya yi wata bai yi mini magana ba. Ina cikin tattara kalmomin sai ya nuna gabas da tushen da ke hannunsa.

"Ka ga aikin na gabas."

Ashe a makon nan da na yi ɓarnata, babban ɗan Baffa ya yi feshi a gonarsu, a fili, kowa ya gan shi da tanki. Ga ciyawar gonarsu nan a ƙone. Wa zai dubi wani wuri? Na ji kamar an sauke mini dami daga ka, kuma wannan sauƙin da na ji shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau. Na ce, "Baba, wataƙila kuskure ne, iska ce ta kwaso." Kun ji munafuki. Ina kare Baffa da baki, ina ɗaure shi da igiya.

"Iska? Iska ta bi layi tun daga rahi har ɗorawa ba ta tsallake ko tushe guda ba? Iskar ta yi makaranta ke nan."

Da yamma Baffa ya zo da kansa. Ina zaure ina jinsu. Ya ce shi ma ya gani, ransa ya ɓaci, kuma ya sa ɗansa ya bar kunya biyu bai fesa ba saboda gambar, je ka duba. Ya ce maganin da suka sa mai ƙona ganye ne, ba ya kashe tushe. Baba ya ce shi bai san wani iri-iri ba, guba guba ce. Murya ta fara tashi, ta Baba ita kaɗai. Har ya kai ga faɗin abin da ba a faɗa.

"In ƙasa kaka so, ka roƙe ni in ba ka. Ɗiyanka sun yi yawa, na sani. Amma ka bi ta bayan gida ka kashe abin da uwayenmu sunka dasa?"

Baffa ya miƙe. Sannan ya sa takalmansa ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, na yamma." Ya fito ta gabana, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har da "malamin boko".

Magana ta kai gaban mai gari. Ni na ɗauki Baba a babur na kai shi, na zauna a bayansa a kan tabarma. Mai gari ya tambayi Baffa ko shi ya yi, ya ce a'a. Ko ɗansa ne, ya ce a'a, kuma in ana so ya dafa Alƙur'ani zai dafa. Sai mai gari ya ce, "To ka san wanda ya yi?" Baffa ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Aka sake tambaya. Ya ce, "Ranka shi daɗe, abin da na sani na hwaɗi, abin da ban hwaɗi ba Allah ya sani." Baba ya buga cinya ya ce kun ji ko, mai gaskiya ba ya kwana-kwana. Na lura a zaman nan duka Baffa ya dubi kowa ban da ni, amma a lokacin sai na ɗauka sa'a ce.

Aka aiko dattawa suka auna, aka kafa turakun ƙarfe guda biyar aka zuba musu siminti. Ko taki ɗaya ba wanda ya ci na wani. Iyaka ta tsaya inda take, abin da ya tafi shi ne ya tafi. Baba ya daina zama a dakalin Baffa bayan la'asar. A masallaci in Baffa yana dama, Baba ya koma hagu. Gaisuwa ba su yanke ba, don Baba yana tsoron Allah, amma irin gaisuwar nan ce da ake yi wa baƙo a tasha. "Na gabas" kuwa ban sake jin ta a bakinsa ba, sai dai "mutumin nan".

Da kaka ta zo babu abin yanka. A da sai a shiga daji a yanko gamba, amma shekarun nan dajin ya fara gagarar mutane, wanda ya shiga neman ciyawa ba shi da tabbacin dawowa. Zanar gidanmu ta ruɓe ta gefen makewayi, Inna ta toshe da buhunan taki da tsohon zane. Ni na sayo zana a kasuwar Gummi, na ɗauro a mota, na kafa da hannuna. Kowa yana sa mini albarka, ɗan kirki mai kula da iyaye. Inna ta shafa ta ta ce, "Wagga ba ta kai tamu kauri ba, amma Allah shi yi maka albarka." Na ce amin, ina jin kamar in nutse.

Kada a ce ban yi niyyar faɗa ba. Na yi, ya fi sau ashirin. A kan babur daga Gummi nake shirya maganar, in jera ta tsaf, in na iso na ga fuskar Baba sai ta watse. Da farko ina cewa bari ya huce. Da ya huce sai na ce yanzu kuma tayar da tsohon miki ne. Da aka shekara sai abin ya zama ba gambar ba ce kawai zan amsa, har da shirun shekara guda, da zaman da na yi a bayansa gaban mai gari. Kullum laifin yana ƙara nauyi, kullum ina ƙara jin ba zan iya ɗaga shi ba. Kuma duk zuwan da na yi gida sai na je na gaida Baffa, don in nuna ni ba ruwana da rigimar manya. Yakan sa a kawo mini fura, ya tambayi yaran makaranta, sannan ya zuba mini ido kamar mai jiran in ƙara wani abu. Ni kuwa in shanye fura in ce to Baffa, sai an jima.

A shekara ta uku ciwo ya kwantar da Baba. Muka kai shi asibiti a Anka, aka riƙe shi kwana tara, aka ce mu koma gida a ci gaba da magani. Baffa ya zo dubiya sau biyu. Na farko Baba ya juya fuska bango ya yi kamar barci. Na biyu ya amsa sannu da ka. Bayan Baffa ya fita, ina riƙe da kofin kunu ina ba shi, sai ya ture kofin.

"Ka san abin da ya hi ci mini rai? Ba gambar ba ta. Gamba a dasa wata. Da ya zo ya ce, na yamma, kuskure munka yi, wallahi da ko kwana ba mu yi da ita ba. Shekara sittin, amma ya kasa hwaɗa mini gaskiya. Shi na abin."

Yana maganar idonsa ya kawo ruwa, Baban da ban taɓa ganin hawayensa ba. Ga ni, ga shi, ba kowa a ɗakin, rana tsaka. Ya buɗe mini ƙofa da hannunsa, ya gaya mini ma abin da zan ce. Kun san abin da na ce? Na ce, "Baba, sha kunun kada ya huce." Tir da ni. Bayan kwana huɗu ya rasu, da hantsi, ranar Laraba.

A maƙabarta, bayan an sa shi an jera itace a kan ramin, sai aka nemi ganyen da za a shimfiɗa kafin a sa laka, don kada ƙasa ta zubo masa. Mutane suka juya za su karyo ganyen sabara. Sai ga Baffa ya matso daga baya da dami a kafaɗa, ɗan ƙarami, busasshiyar gamba mai kauri. Ya durƙusa da ƙyar ya kwance, ya shimfiɗa ta a kan itacen da hannunsa, kara bayan kara, ya daddanna. Na san irin karan nan, na ɗauke shi a ka tun ina ɗan shekara bakwai, ba a sayar da irinsa a kasuwa.

Bayan addu'ar bakwai na je gidansa. Na same shi a bayan gida a kan buzu, kusa da wasu tushen gamba guda uku da ban taɓa sanin suna nan ba. Ya ga ina kallonsu, ya ce tushe guda ne ya tsira a bakin rafi ta gefensa, rabinsa ya mutu rabi da rai, ya tono shi ya kawo gida ya yi ta ba shi ruwa, ya tsaga ya zama uku. Na durƙusa. Duk jerin maganar da na yi shekara uku ina shiryawa ba wadda ta zo. Na ce, "Baffa, ni ne na fesa wa gambar magani."

Ya ce, "Na sani. Na gan ka."

Na ɗago.

"Ran nan ban tahi kasuwa ba, zazzaɓi nika ji, ina kwance bayan ɗorawa, ba ka lura da ni ba. Ka wuce ni kamar nan da randar can, kana hwamho kana waƙa. Na so in yi maka magana, sai na ce bar yaro, gamba ta, mi zai same ta? Ka ga ni ma da nawa."

Na ce, "To Baffa, don me ba ka faɗa ba? Gaban mai gari, don me?"

"In hwaɗi mi? Ka san ubanka. Ko dai ya ce na ƙara da yi wa ɗansa ƙazahi, ko kuwa ya yarda, cikin hushi ya yi maka baki gaban jama'a, bakin uba kuwa ba ya hwaɗuwa ƙasa. Na ce maganar ga ba tawa ba ta, taka ta. In ta hito bakinka, zai zage ka ya yahe, ni da shi mu koma dakali. Na ce yaron kirki na, zai hwaɗi, ba ya wuce sati." Ya ɗan tsaya yana murza ganyen gamba a yatsunsa. "Duk ranar da ka shigo gaishe ni sai in ce, to, yau na. In sa a dama maka hura. Ka sha ka tashi."

Ban san lokacin da na fara kuka ba, ƙato da ni, har da majina. Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya yafe tun ranar, ba shi ne abin ji ba. Bai ƙarasa ba, ban kuma buƙaci ya ƙarasa ba. Wanda ya kamata in roƙa mun rufe shi kwana bakwai da suka wuce, ya tafi yana ganin amininsa maƙaryaci ne, kuma ni na riƙe masa kofi ina kallo.

Da damina ta faɗi Baffa ya aiko a kira ni. Ya sa na tone tushe biyu, ya nuna mini yadda ake tsagawa da gatari, kowane yanki da saiwarsa da idon toho, a datse ganyen ya rage kamu ɗaya, a dasa taki biyu tsakani a ƙasa mai laima, a take da diddige. Ya ce shekarar farko kada in taɓa ta ko ta yi kyau, ta biyu in yanka sama-sama, sai ta uku take zama gamba. Yanki goma sha ɗaya muka samu. Na dasa su tsakanin turakun ƙarfen, daga ɗorawa zuwa inda suka ƙare, ko sulusin layin ba su kai ba. Takwas suka kama.

Baffa bai ga shekara ta ukun ba. Ranar da na yi yankan farko na gaske ni kaɗai ne a gonar, na fara daga gindin ɗorawa da laujen Baba, ba kowa a ɗaya gefen. Dami uku ta ba ni. Na kai ɗaya gidan Baffa, na kai ɗaya gidanmu, na ukun na tsaya da shi a gona har rana ta yi zafi ban san wanda zan tura wa ba.

Inna tana nan da ranta. Ta shafa damin da na kai mata ta ce, "Wagga kam irin tamu ta. Allah sarki, da mutumin nan bai kashe waccan ba, da yanzu su biyu na can suna gardama." Ina tsaye da lauje a hannu, na ji ta sarai. Har yau da nake rubuta wannan ban gaya mata ba, kuma ba ta iya karatun boko ba.